Sabon kantin kwanar layinmu: ra'ayin wadda ta haɗa katanga da shi

Tun da aka buɗe sabon kantin nan na kwanar layinmu a Tarauni cikin Kano, duk wadda ta san gidanmu ne ke manne da bayansa tambaya biyu take yi mini: kayansu da sauƙi kuwa? Sannan ya kuka ƙare da mai shi? Malaman makarantarmu sun tambaya, 'yan Islamiyya sun tambaya, har ƙanwar maigidana da ke Kaduna ta bugo waya, don su ma an fara haƙa irin wannan a layinsu. Na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Sunan kantin dai ba zan kama ba. Maƙwabci ne, kuma da sauran magana a tsakaninmu.

In ta ƙofar gaba ka shiga, kanti ne mai kyau, ni ma can nake sayen madara da sabulu. In kuwa a bayan katanga kake kwana kamar ni, to labarin ya sha bamban.

Wurin gidan zama ne tun asali. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne ya gina shi, gida ƙasa da bishiyar mangwaro a ciki da darbejiya biyu a waje, inda masu adaidaita sahu kan sha inuwa da rana. Da Allah ya yi masa rasuwa magada suka sayar aka raba kuɗi. Wanda ya saya ɗan kasuwar Singa ne, mai sayar da kayan masarufi a sari. Ba wanda ya ce mana uffan. Sai gani muka yi an yaye kwano, katafila ta zo ta baje ginin, an sare bishiyoyin, an fara haƙa ramukan ginshiƙi masu zurfin da gidan zama ba ya buƙata. A bakin leburori muka ji cewa kanti za a yi, bene hawa ɗaya, ƙasa wajen sayarwa, sama sito da ofis.

Sayen fili bai ba mutum damar yin abin da ya ga dama a kansa ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen cikin birni a hannun gwamna suke, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma a jikinta ake rubuta abin da aka ba da filin dominsa: gidan zama ne, kasuwanci ne, makaranta ce ko masana'anta. Wanda zai mayar da gida kanti sai ya nemi ma'aikatar ƙasa ta sauya masa manufar filin, sannan ya kai zanen gininsa hukumar tsara birane, wato KNUPDA, wadda iyayenmu har gobe KASEPPA suke ce mata, a duba a sa hannu kafin ya ɗora bulo. A da wasu sukan yi gininsu su gama, takarda ta biyo baya in ta ga dama. Rusau ɗin da aka fara a watan Yunin 2023, wanda ya ci gine-ginen Otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, ya sa masu kuɗi sun shiga taitayinsu. Yanzu wanda zai binne miliyoyi a ƙasa ba ya son ya wayi gari ya tarar da jan fenti a bangonsa. A ganina wannan tsoron ne ya sa Alhajin da ya sayi gidan ya zauna ya saurare mu, ba daɗin bakinmu ba.

Maza suka yi zamansu a zauren mai unguwa bayan sallar isha'i. Mu mata muka yi namu a Islamiyya ranar Asabar da aka tashi daga karatu. Ni aka ɗora wa rubuta takardar koken, wai tunda malamar makaranta ce, don haka a hannuna jerin biyu suka haɗu. Sai da na yi dariya, domin kusan babu inda suka dace. Maza hankalinsu na kan titi: layinmu in mota biyu suka yi karo sai ɗaya ta raɓe, to ina masu sayayya za su ajiye motocinsu, ina babbar mota za ta sauke kaya, ga yara na tsallakawa zuwa makaranta da safe, ga tsoron kada wurin ya zama majalisar samari da dare. Mata kuwa ba wadda ta ambaci mota. Taga ce ta farko. Bene a bayan gidan ƙasa yana nufin duk wanda ya leƙo zai ga tsakar gidanka, inda mace ke wanki da girki ba mayafi, inda 'yan mata ke kitso. Sai lambatu, sai rijiya, sai hayaƙin inji a kan shanya.

Maganar lambatu ba ta wasa ba ce a wajenmu. A daidai wannan kwanar ruwan layi uku ke haɗuwa kafin ya faɗa babbar kwalbati. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kantin Kwari a daminar 2022, aka riƙa shanya atamfa da shadda a titi, ya san abin da gini a kan hanyar ruwa ke jawowa. Mun kuma ga yadda masu shaguna ke yi: su malale lambatun ƙofarsu da kankare don su sami wajen ajiye mota, in ya toshe babu ta inda za a yashe shi, sai ruwa ya nemi hanya ta gidan na kusa. Na kusa kuwa mu ne.

Maigidana ya ba ni labarin zaman da aka yi da Alhajin. Liman ya fara da hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada, ya kawo ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa. Alhajin ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ba cutar kowa na zo yi ba, yaran unguwar nan ma zan ɗauka aiki." Mai unguwa ya ce masa, "Alhaji, tun ran gini ran zane. Abin da za ka yi da wanda ba za ka yi ba, a faɗe shi yanzu kowa ya ji." Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da kuka ce." Mutum ne mai sauƙin baki, wannan ba a ƙwace masa ba. Duk da haka muka kai takardar ofishin masu tsara gari da sa hannun magidantan layin, muka ba dagaci kwafi, muka riƙe namu mai hatimin karɓa. Aiki ya tsaya na ɗan lokaci.

Ranar da masu dubawa suka zo, cikinsu akwai mace, kuma wannan ya yi mana rana, don ita ce ta iya shigowa cikin gida. Mazan suna waje da tef ɗin awo suna auna faɗin titi da zurfin lambatu, ita kuma ta yi sallama ta shigo har gindin rijiyarmu. Ta tsaya daidai inda turmi yake, ta ɗaga kai ta dubi rodin ginshiƙan da suka fara leƙowa ta saman katanga. Ta ce, "Hajiya, a nan kuke wanke-wanke?" Na ce a nan, ga kuma ƙofar banɗaki can. Ta matsa bakin ƙofar ɗakin 'yan mata ta sake ɗaga kai, ta ɗauki hoto da wayarta, ta tambaye ni ta ina ruwan gidan ke fita. Na nuna mata kwatar da ke bi ta ƙarƙashin katanga ta faɗa lambatun kwanar. Ta durƙusa ta leƙa, ta rubuta wani abu a takardarta. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ba ta kuma ce ina da gaskiya ba.

Da aka dawo aiki sai muka ga zanen ya canja. An ja ginin baya daga titi, aka bar filin da zai ɗauki mota biyar ko shida. An bar rata tsakanin bangonsu da katangarmu, wadda mutum zai iya wucewa ta ciki. Ɓangaren da ya kalli gidajenmu babu taga ko ɗaya sai 'yan ƙananan kafofin iska can sama kusa da rufi, da gilashin da ba a gani ta cikinsa. Lambatun kuma aka sake gina shi, aka rufe da silab guntu-guntu mai ɗagawa. Waɗannan su ne suka shiga takarda. Sauran kuwa a zauren mai unguwa aka yi su da fatar baki: za a kashe inji ƙarfe goma na dare, manyan motoci ba za su sauke kaya ba sai yara sun shiga aji, za a sa mai gadi ya riƙa tsara motoci, za a fito da famfo waje daga bohol ɗinsu. Ka riƙe wannan bambancin, don shi ne duk labarin.

Bari in shiga cikin kantin tukuna.

Wurin tsaf yake. Ƙofar gilashi, sanyin na'ura, tayil fari da ake gogewa a kai a kai, kwanduna a bakin ƙofa, da akwatunan ajiye jaka masu mukulli. Layukan kanta huɗu ne, da faɗin da mutum biyu za su wuce ba gogayya. An raba kayan da hankali: kayan shayi wuri ɗaya, Peak da Dano da Cowbell da Milo da Lipton, taliya da Indomie da semo wuri ɗaya, sabulai da omo da kayan jarirai can ƙarshe nesa da abinci, don kada ƙamshin sabulu ya kama sukari. Duk wadda ta taɓa shan shayi mai ɗanɗanon omo ta san amfanin wannan. Abin da ban so ba shi ne matakalar shiga. Tayil mai santsi suka sa, babu abin dafawa, in an yi yayyafi sai an riƙe tsofaffi. Surukata ta je sau ɗaya ta ce ba ta ƙarawa.

Kusan komai da farashinsa a manne, babu ciniki, babu "nawa za ka bari". Ni malama ce, lissafi ya zama mini jiki, don haka nakan duba rasit kafin in fita. Na taɓa samun omo an buga mini fiye da abin da ke jikin kanta. Yarinyar da ke kan na'ura ta ce farashi ne ya tashi ba a canja takardar ba. Na ce to ni abin da na gani shi zan biya. Ta kira manaja, ya je ya duba da kansa, ya ce a mayar mini da ragowar, ya kuma cire tsohuwar takardar a gabana. Ba ƙaramin abu ba ne wannan: a Fabrairun 2024 hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja a kan irin wannan saɓanin na farashin kanta da na wajen biya. Ka duba rasit ɗinka, musamman makon da kaya suka motsa.

Batun araha kuwa ya danganta da yadda kake sayayya. Babban gwangwanin madara, katan ɗin taliya, jarkar man gyaɗa, ƙunzugun jarirai, duk sun fi na mai tireda sauƙi. Sun ɗan fi na Singa tsada, amma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, in ka haɗa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da ɗan dako, da cunkoson Bello Road, ratar ta tafi, sai in buhu-buhu za ka saya. Ƙananan abubuwa kuwa, irin su ashana, alawa, ruwan roba guda ɗaya, sun fi tsada a nan. Akwai shinkafar gida a ƙananan buhuna masu kilo 5 da 10, mai tsabta ba tsakuwa. Gero da dawa da wake ma akwai a ɗaure cikin leda, sai dai wanda ya saba awo da kwano in ya lissafa zai ga an yi masa tsada sosai. Hatsi dai na kasuwa ne, in da hali Dawanau.

Kayan miyansu kada ka ɓata lokacinka. Tumatir da attaruhu a naɗe cikin roba, sun yi laushi, ga tsada. Ba su da juyin da zai sa kayan su riƙa sabuntuwa kullum. Mai kayan miyan bakin masallaci da ke sarowa daga 'Yankaba da asuba ya fi su nesa ba kusa ba.

Biredinsu shi ne abin yabo. A nan suke gasawa, yana fitowa bayan la'asar. Mai nauyi ne, in ka matsa ba ya komawa iska, sukarinsa daidai, kuma yakan kwana biyu bai yi tsami ba. Kafin magariba ya ƙare. Yarana da ba sa cin biredi sai da rarrashi yanzu su ke tuna mini. Firizarsu ma ba a cewa komai: kaji da kifi a daskare kamar yadda ya kamata, ba irin wanda ya narke ya sake kamawa har ƙanƙara ta yi ja ba. Yogot da fura da nono na roba kullum da sanyinsu. Na san dalilin wannan sanyin fiye da kowa, zan zo kansa.

Akwai kanta guda ta kayan gida: yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, dambun nama, cincin, alkaki. Na ji daɗin ganinta, na kuma zaci matan layinmu masu sana'a za su samu shiga. Biyu sun kai cincin da gireba, aka ce sai da lambar NAFDAC a jikin leda. Ba zan ga laifin kantin ba, su ma tsoron kamu suke. Amma macen da ke soya cincin ɗin kwano biyu a mako ina ta ga kuɗi da zirga-zirgar rajista? Kantar ta zama ta masu ƙananan kamfanoni daga wasu unguwanni.

Kusa da wajen biya akwai kwandon rangwame. Kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa ne, kuma sun rubuta haka ɓaro-ɓaro, ba ɓoye-ɓoye. In abin da za a cinye cikin mako ne, riba ce. Sau ɗaya na ci karo da biskit ɗin da ya wuce wa'adi a kan kanta ta sosai. Na nuna wa yaron da ke jera kaya, ya kwashe duka layin nan take.

Ma'aikatan suna da ladabi. "Sannu da zuwa Mama", "a kawo kwando Mama", har mota ko bakin gida yaro kan rako ka da kaya. Suna rufewa lokacin sallar Juma'a. Alkawarin ɗaukar yaran unguwa an cika shi rabi: akwai samarin layinmu a masu jera kaya da dako, amma masu zama kan na'ura da manaja duk daga waje aka kawo su. Biya da kati yana tafiya lafiya yawanci. In taransifa ka yi, sai ka tsaya gefe har saƙo ya shigo wayar manaja, in yana sama kuma sai a jira shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne canji. In ragowar naira hamsin ce ko ɗari, sai a miƙo maka alawa. Ni ban zo sayen alawa ba. In ka dage za a nemo, amma sai an haɗa da kallon da ke cewa kin cika ƙwaƙwa.

To, mu zagaya baya.

Da rana ba mu da matsala, sun shimfiɗa farantan sola a rufi. Wutar layin kuma tsada gare ta ga mai firiza da yawa, tun da aka kai kuɗin 'yan rukunin A, wato layukan da aka ware su fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, amma ko ita in akwai ba ma jin komai. Matsalar in an ɗauke wuta da dare ce. Babban injin dizal gare su, an gina masa ɗaki a lungun da ke tsakanin bangonsu da katangarmu, daidai saitin ɗakin kwananmu. In ya tashi kamar an kafa injin niƙa a gindin gadonka. Kwanukan da ke kan kabad har kaɗawa suke. Ɗakin injin yana da ƙofa mai kauri da aka ce tana rage ƙara, sai dai a buɗe suke barinta wai kada ya yi zafi. Farkon buɗewa bututun hayaƙin katangarmu ya kalla. Na shanya fararen rigunan makarantar yara da yamma, da safe na kwashe su da ɗigo-ɗigon baƙi. Na ɗauki riga ɗaya na kai wa manaja har ofishinsa na ajiye masa a tebur. Cikin kwana kaɗan aka ƙara wa bututun tsawo ya wuce rufi. Hayaƙi ya yi sauƙi. Ƙara tana nan.

Da maigidana ya tuna masa alkawarin ƙarfe goma, manajan ya ce, "Baba, wallahi in muka kashe, kajin nan kafin asuba sun narke, asarar ba kaɗan ba ce." Gaskiya ya faɗa. Kuma nan ne abin ya fi ci mini rai, domin Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san firiza ba ta kwana ba wuta tun daren da ya ce "duk abin da kuka ce". Alkawari ne da bai taɓa yiwuwa ba, an yi shi ne don a tashi daga zaman lafiya. Maganin da zai yi aiki kuɗi yake ci: ko a ƙara batura su riƙe firizar da dare, ko a mayar da injin ɓangaren titi inda ba ɗakin kowa. Ni kuma ga shi ina sayen kajin nan, ina yaba sanyinsu.

Sauke kaya ma haka. Direban da ya taso daga kamfani ba ruwansa da lokacin makarantar layinmu. In ya iso bakwai da rabi, a lokacin zai juya motarsa ya toshe kwanar, yara su riƙa raɓawa ta gefen taya. Mai gadin da aka ce zai tsara motoci an mayar da shi bakin ƙofa yana duba rasit. A ranakun da ba kowa filin gaban ya isa. Amma a azumi, daga la'asar zuwa shan ruwa, abin sai wanda ya gani: mota a ƙofar gidan kowa, maƙwabcinmu ya taɓa rasa hanyar fitar da tasa zai kai matarsa asibiti, sai da aka shiga kantin ana cigiyar mai mota.

Abin da aka rubuta kuwa ya tsaya daram. Daminar da ta wuce ruwa bai shigo mana ba. Kafin saukar ruwan farko yaran kantin sun ɗaga silab ɗin sun yashe lambatun, suka kwashe yashi da leda, kuma gaskiya kwanar ta fi yadda take a da, lokacin da ba mai kula da ita. Tsakar gidana ba mai ganina. Shararsu ba sa zubarwa a layi, mota ke zuwa ɗauka. Famfon waje yana nan, ko da yake da 'yan garuwa suka yi masa yawa sai aka sa masa lokaci, safe da yamma. Rijiyarmu takan ja baya da bazara, amma haka take yi tun kafin su zo, don haka ban ɗora musu wannan ba. Tsoron majalisar samari ma bai tabbata ba. Fitilunsu sun haska kwanar da a da mace ba ta bi bayan isha'i saboda masu ƙwacen waya. Mai shayi da mai tsire sun kafa a gefe, wurin ya zama da mutane har sha ɗaya.

Wanda ba a sa shi a takardar koke ba, kuma shi abin ya fi taɓawa, shi ne Baba mai tireda na tsakiyar layi. Tun ina amarya yake wurin. Shi ke sayar da sukari ƙulli, man gyaɗa a murfi, Maggi ƙwaya biyu, madara cokali-cokali. Yana da wani littafi mai baƙin bango da sunan kusan kowane gida a ciki. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da mutane ke kwana a layin banki, littafin nan ne ya ciyar da layinmu. Ba wanda ya kora. Yanzu masu albashi sun koma kanti da sayayyar ƙarshen wata, wato masu biya nan take sun tafi, an bar shi da masu "rubuta, Baba". Na tambaye shi ya kasuwa, ya ce, "Malama, sai godiya. Su na wata, mu na yau." Ya ƙara gawayi da ruwan leda, ɗansa ya sa na'urar cire kuɗi a gefe. Ni dai na raba: abin gwangwani da katan a kanti, ƙwai da Maggi da abin da ya yanke ana tsakiyar girki a wajen Baba. Ba don tausayi kaɗai ba. Shoprite da ta zo Ado Bayero Mall da ƙarfinta a 2014 ta tattara ta bar Kano a farkon 2024. Babban kanti in lissafi bai fita ba rufewa yake, kuma ko yana nan ba ya ba da bashi ranar ashirin da biyar ga wata.

Ga mai son zuwa: tsakanin ƙarfe goma na safe da azahar a ranakun aiki ya fi, ba layi, ga wajen ajiye mota. In biredi kake so, ka zo da an idar da la'asar. In da tsoho za ka zo, ka riƙe masa hannu a matakala. In ka tarar filin gaba ya cika, don Allah ka zagaya babban titi ka ajiye, kada ka toshe ƙofar mutane.

Yanzu kuma wata sabuwa ta taso. Mun ji Alhaji na neman izinin mayar da saman benen wajen cin abinci, shawarma da askirim da kujerun zama. Wannan na nufin taga, da hayaƙin kicin, da motocin da za su daɗe a ajiye maimakon masu shiga su fito. Mai unguwa ya kira zama ranar Asabar, an kuma sake ba ni rubutun. Na riga na gama. Ban ce kada a yi ba. Na nemi a mayar da injin ɓangaren titi kafin a taɓa saman, a nuna wurinsa a cikin zanen da za a sa wa hannu. Tagogi su kalli titi kawai. Bututun kicin ya wuce rufi. A rubuta lokacin sauke kaya da adadin motocin da filin zai ɗauka. Sannan a ba mai unguwa kwafin duk abin da aka amince da shi, mai hatimi. Na kuma roƙi in za a turo masu dubawa, a haɗo da mace, kuma su zo da dare lokacin da aka ɗauke wuta.